Mun Haddace Kaskar Amurka, Ta Gida Na Shan Jininmu

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a wannan mujalla tamu mai farin jini in yi magana a kan wata 'yar halitta wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa girma ba, watau kaska. Na sani wasu za su yi dariya, su ce ga maganar kuɗin makaranta, ga ta wurin kwana, ga ta ruwan famfo da ba ya zuwa, me ya kai mu ga kaska? To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan mai dariya ya yi abarsa.

Abin da ya tunzura ni wata jarrabawa ce da muka yi a zangon da ya wuce. An ce mu bayyana yadda cutar Laim take yaɗuwa a ƙasashe masu kurmi, da yankunan da ta fi yawa, da dalilin haka. Muka duƙufa, kowa ya zazzage abin da ya haddace, tun daga sunan gari da sunan kaska har zuwa watannin da ta fi kama mutane. Ni kaina na cika shafi huɗu, na kuwa sami maki mai kyau. Da aka yi hutun damina na tafi ƙauyenmu, can gefen duwatsun Rurum a ƙasar Rano, na iske ƙanena ɗan shekara 12 a kwance, zazzaɓi ya mai da shi kamar kara. Sau uku ana kai shi wurin mai magani, sau uku ana cewa maleriya ce da taifot, a yi masa allura a ba shi ƙwayoyi, jiki ya ƙi sauƙi. Ran nan ina yi masa wanka sai na ga wani baƙin tabo a hammatarsa kamar an ɗiga masa garwashi, gefensa ya yi ja, ga kuma kaluluwa ta fito. Na tambaye shi, ya ce ai nan ne kaska ta kama shi ranar da suka kai shanu bakin rafi. Duk zuwan nan uku babu wanda ya tambaye shi ko yana kiwo, babu wanda ya ɗaga rigarsa. Ni kuma mai shafi huɗu na tsaya ina kallon tabon, ban san sunansa ba. Allah ya taimake mu, wani likita a birni ya saurari labarin, ya dubi wurin, ya sake magani, kafin mako ya zagayo yaro ya miƙe yana neman fura.

Tun daga ranar nake jin kunyar makin nan.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kada a koya mana cutar Laim ba. Labarinta yana da darasi babba, sai dai an ba mu ɓawon an jefar da tsakiyar. Ga yadda abin yake. A 1975, a wani ƙaramin gari mai suna Laim cikin Jihar Konetikat ta Amurka, wata uwa mai suna Polly Murray ta gaji da ganin iyalinta da 'ya'yan maƙwabta suna fama da kumburin gwiwa da zazzaɓi. Likitoci suka ce ciwon gaɓoɓi ne irin na yara. Ta ƙi yarda, domin ciwon da aka ce da ƙyar ake samunsa ga shi ya cika unguwa ɗaya. Ta riƙa rubuta sunayen marasa lafiya a takarda, ta kai kuka ga hukumar lafiya ta jiha. Hukuma ba ta kore ta ba. Aka tura wani matashin likita daga Jami'ar Yel, Allen Steere, shi da abokan aikinsa suka bi gida gida, suka sami mutum 51 masu ciwon, yara 39 da manya 12. Suka lura yawancinsu suna zaune a bakin kurmi, ciwon ya fi farawa da zafin shekara, wasu kuma sun tuna wani jan zobe da ya fito musu a fata yana faɗaɗa kamar faifai. A 1977 suka buga abin da suka gano. A 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar, wata siririya mai murɗe kamar igiya, wadda ya samu a cikin hanjin kaska. Dangin wannan ƙwaya ana kiran su Boreliya. Ku riƙe sunan, za mu sake haɗuwa da shi a gida.

Daga 1991 ya zama ƙa'ida a Amurka duk wanda aka samu da cutar a sanar da hukuma. Saboda haka yau suna da taswira. Sun san cutar ta fi ƙarfi a arewa maso gabas da kuma jihohin Wiskonsin da Minesota. Sun san dalili: gonakin da aka bari sun koma kurmi, barewarsu ta yawaita tana ciyar da manyan kaska, ɓerayen daji suna riƙe da ƙwayar suna ba ƙanana, mutane kuma sun kai gidajensu cikin itatuwa. Hukumarsu ta yaƙi da cututtuka ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum wajen 476,000 ake yi wa maganin cutar kowace shekara. A Kanada an ƙirga mutum 144 a 2009, zuwa 2021 sun haura 3,000, domin sanyi yana raguwa kaska tana ƙara yin arewa. Duk wannan sun sani ne domin wata mata ta ɗauki alƙalami, hukuma kuma ta saurare ta.

Wannan shi ne darasin da ya kamata a tambaye mu a jarrabawa. Taswirar cuta ba daga sama take faɗowa ba, ƙirge ne yake haifar da ita. Inda aka ƙirga sai a ga ja a taswira, a ware kuɗi, a koyar da likita. Inda ba a ƙirga ba sai a ga fari fat, jahili ya ce lafiya lau ake.

To, mu dawo gida. Irin kaskar da ke ɗauke da cutar Laim ta ƙasashen sanyi ce, Amurka ta arewa da Turai da sassan Asiya, har zuwa tsaunukan Maroko da Tunisiya. Ba ita ce a jikin shanunmu ba. Wanda duk ya zo yana tsorata mutanen Kibiya da cutar Laim don ya sayar musu da magani, maƙaryaci ne. Amma rashin kura a gari bai sa akuya ta kwana lafiya ba in akwai damisa. Muna da kaska tamu, kuma abin da take ɗauke da shi bai fi na Amurka sauƙi ba.

Kowane ɗan Rano da Kibiya ya san babbar kaskar nan mai zane a baya, mai dogon baki, wadda ke fitowa da faɗuwar ruwan farko ta maƙale a hantsar saniya da hammata da ƙarƙashin wutsiya. Macenta in ta sha jini ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai, har su kan kusa 20,000. 'Ya'yan su hau kan ciyawa su jira mai wucewa, zabo ne, akuya ce, ko ƙafar yaro. Sau uku take hawa jikin mai rai kafin ta gama rayuwarta, kowane hawa kuma tana iya sauke abin da ta ɗauko a na baya. Ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa, ciwon nan da ke sa fatar saniya ta yi ɓawo kamar bayan kada, dabba ta rame, fatar ta lalace har majemi ya ƙi ta. Ita ce ke kawo ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da maruƙa, ka ga dabba tana zagaye tana harba ƙafa ta faɗi. Bakinta kawai ya isa ya kashe kan nono, saniya mai huɗu ta koma mai biyu, maraƙi ya rasa abin sha, matar gida ta rasa abin kaiwa kasuwa. Daɗin daɗawa, masu bincike sun sami ƙwayar wani zazzaɓi na mutane a cikin wannan kaska a nan Nijeriya. Alamunsa zafin jiki da ciwon kai da ciwon jiki da kaluluwa, da baƙin tabo a inda ta ciza. Masu yawon buɗe ido daga Turai in suka kwaso shi a dazuzzukan Afirka suka koma gida, nan da nan likitansu ya gane shi, a rubuta a mujallar likitoci. Ɗan ƙasa da ke kwana yana tashi cikin ciyawar, shi nasa sunansa maleriya.

Akwai wata mai ratsin ƙafafu, mai saurin gudu, wadda ta fi son busasshiyar ƙasa, tana bin shanu da raƙuma. Ita ce mai ɗauke da zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kwantar. Dabba ba ta nuna alama, mutum ne ke ɗauka, ko ta cizon kaska, ko ta murtsuke ta da yatsa, ko ta taɓa jinin dabbar lokacin yanka da fiɗa. Wannan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masu bincike a Jami'ar Ibadan sun ba da labarin samun ƙwayarsa a jikin kaska da dabbobin Nijeriya tun 1970, a 2016 kuma aka buga binciken da ya nuna alamarsa a jinin marasa lafiya a Jihar Borno. Ya ɓarke a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003, ya ɓarke a Iraƙi a 2022. Ku tuna yadda muke yi da Babbar Salla: rago a tsakar gida, yara na wasa da shi, samari na fiɗa hannu tsirara. Wa ya taɓa tara mahautan Rano ya yi musu bayanin wannan?

Sa'an nan ga wata baƙuwa. Wata kaska 'yar asalin Asiya ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Barazil. An gan ta a Kwaddebuwa a 2007, ta bazu a Benin, a 2017 aka tabbatar da ita a Nijeriya. Tana hayayyafa da sauri, tana korar ta gida, tana kawo ciwon fitsarin jini mai tsanani ga shanu, kuma ta yi suna wajen ƙin jin magani. Shanu kuwa ba su san iyakar jiha ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini ciwo. Na ce ku riƙe sunan Boreliya. Ƙwayar Laim tana da 'yan'uwa a Afirka ta Yamma, masu kawo zazzaɓi mai tafiya ya dawo: kwana uku mutum na ƙuna, ya sami sauƙi kamar mako guda, ya sake faɗuwa. Mai ɗauke da su wata kaska ce mai taushin jiki, tana zaune a ramin ɓera, har ramukan da ke buɗewa cikin ɗakin kwana. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin 'yan mintoci ta koma, mutum bai ma san an cije shi ba. A ƙauyen Diyelmo na ƙasar Senegal masu bincike suka zauna daga 1990 zuwa 2003, duk wanda ya yi zazzaɓi a ɗebi jininsa a duba. Abin da suka buga a 2006 ya girgiza likitoci: cikin kowane mutum 100, kimanin 11 ne ke kamuwa da wannan zazzaɓi kowace shekara. Kafin a zauna a duba, da wane suna ake kiransa? Maleriya. Ƙasar tasu kuwa irin tamu ce, gero da gyaɗa, rumbu da ɓera. A nan Nijeriya ma, binciken da aka buga a 2018 ya sami wata Boreliya a jikin kaska mai taushi da aka tono daga ƙasa a Jihar Borno. Kai, ko akurkin kajin iyayenmu mata bai tsira ba, domin kaskar da ke ɓuya a tsagar bangonsa tana ba kaji tasu Boreliyar, su yi zawo kore su mutu.

Ban ce abin da aka samu a Diyelmo shi ne a Tarai ko Zurgu ba. Cewa na yi a je a duba. Abin haushi, dubawar ba ta bukatar jirgin sama. Ɗigon jini ne a kan gilashi, a rina shi, a sa a madubin likita, daidai yadda ake neman ƙwayar maleriya. Mai haƙuri da ido, in an koya masa abin da zai nema, zai iya ganinta lokacin da jiki ke da zafi. Amma ɗan tsinken gwajin nan na zamani da ya cika ƙananan asibitoci tambaya ɗaya ya iya amsawa, akwai maleriya ko babu. In ya ce babu, sai a koma gwajin taifot wanda likitoci da kansu suka san yana yawan yin ƙarya, a ɗora wa mutum ruwa, a karɓi kuɗinsa. Maganin maleriya ba ya taɓa waɗannan ƙwayoyi. Maganinsu yana nan, mai araha ne, amma sai a hannun likita, domin shan farko yakan girgiza jiki ƙwarai, mai juna biyu kuma ba kowane iri ake ba ta ba, ga shi zazzaɓin nan yana jawo ɓari. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis.

Na san abin da masu kare gwamnati za su ce. Za su ce maleriya ce babbar abokiyar gāba, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Nijeriya suke, don haka kada a raba hankali. Na yarda ita ce babba. Amma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma gwajin ya nuna zazzaɓi da yawa ba ita ba ce. To, wanda gwaji ya wanke daga maleriya, shi ba ɗan ƙasa ba ne? Kowace ƙwayar maleriya da aka ba wanda ba shi da ita asara biyu ce, an ɓarnatar da magani, an bar mai ciwo da ciwonsa.

Za su ce babu kuɗi. Haba jama'a! Shekara nawa makiyayi yana biyan jangali a kan kowace saniya kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta yi shelar soke haraji da jangali a Kano a 1979? Yau ma wace dabba ce ke shiga kara ta fita ba a yanka mata rasit ba? Mai karɓa ya san hanyar ruga, mai magani ne ya ɓata. Kuma mun ga abin da ake iya yi in an so. Ciwon bushiya ya sha share garkunan ƙasar nan, har a 1983 ya yi mana mummunar ɓarna, amma da aka dage da allura aka bi shanu har inda suke, a 2011 aka yi shelar ya ƙare a duniya baki ɗaya. Kaska ba za ta ƙare haka ba, amma ana iya rage ta, in an san irinta da lokacinta.

Za su ce ai Fulani sun san kaska tun kaka da kakanni. Lalle sun san ta, sun fi mu saninta nesa ba kusa ba. Da sassafe kafin a saki shanu za ka ga gida duka an taru, ana kayar da saniya ana cire mata ɗaya ɗaya da hannu. Wannan aiki shi ya riƙe garken ƙasar nan. Amma hannun da ke cirewa shi ne ke cikin hatsari, yawanci kuwa hannun yaro ne ko na mace. Wanda ya gaji da cirewa sai ya sayi kwalba a kasuwa wurin mai talla wanda ba ya iya karanta abin da ke jikinta, ya dama da ka, wani ma ya shafa maganin ƙwarin gona ko baƙin mai. In ya yi ƙarfi ya kashe maraƙi ya shiga nono, in ya yi rauni ya koya wa kaska jure magani. Barin mutum da wannan a ce ai ya san abinsa, ba girmamawa ba ce, gudun nauyi ne.

Ku dubi kuma yadda ƙasar tamu ta sake. A Amurka kurmi ne ya dawo ya iske mutane. Mu namu dajin ne ke ƙarewa, yana tura dabba da mutum wuri ɗaya. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ga na Ruwan Kanya a nan ƙasar Rano, bakin ruwa ya zama kore rani da damina, garke daga ko'ina yana taruwa a mashaya ɗaya. Burtali ya tsuke, makiyaya ta zama gona, saura gefen duwatsu da bakin rafuka. Kudu da mu ga dajin Falgore, wanda a dā ake kira Kogin Kano, inda shanu ke shiga suna fita suna haɗa ciyawa da namun daji. A cikin gari kuwa kusan kowane gida akwai turke, ragon Salla ko san noma yana kwana taku biyar daga ɗakin yara. Duk mai hankali ya san irin wannan sauyi ba zai bar kaska yadda take ba. Wace iri ce ta fi yawa a Saji, wace ce a Durba? Wane wata ne ta fi hawa mutane a Lausu ko Fammar? Waɗannan su ne tambayoyin da suka dace da takardar jarrabawarmu.

Kada kuma a ce ba mu da gadon wannan ilimi. Ɗakin binciken dabbobi na Bom yana nan tun 1924. Wata ƙwayar cuta ta kaska ma sunan Dugbe ta Ibadan take amsawa a duk duniya, domin a can aka fara samunta a 1964. A 1977, shekarar da Steere ya buga labarin Laim, wasu malamai biyu na Zariya, Leeflang da Ilemobade, suka buga nasu nazarin a kan cututtukan kaska a dabbobin arewacin Nijeriya. Tare aka tashi. Su can suka ɗora, har yaron firamare ya san ya duba jikinsa in ya dawo daga kurmi. Mu nan muka bar namu a kan kanta yana shan ƙura, muka koma haddar nasu. A 2019 Nijeriya ta ƙaddamar da shirin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli wuri ɗaya, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya. Madalla. Amma shirin da bai sa malamin asibiti da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ɗaya sun zauna kan tabarma ɗaya ba, sunansa takarda.

Laifi mafi girma kuwa namu ne, mu 'yan boko. Da kuɗin nonon nan da na gyaɗa aka kawo mu nan. Mun iso mun koyi ɗaure wuya, mun koyi ƙyamar warin garke. In lokacin aikin bincike na shekarar ƙarshe ya zo, sai mu nemi abin da za a gama a ɗaki, a kwafo daga intanet a sake wa gari suna. Ilimin da bai san hammatar ƙanensa ba, ina amfaninsa?

Don kada a ce na yi ta faɗa ban kawo mafita ba, ga abin da nake nema.

Na farko, ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kai da ƙungiyoyin ɗaliban Rano da Kibiya, a hutun damina mai zuwa mu fita ƙirge. Kowa ya ɗauki garke biyar a garinsu, da izinin mai unguwa da arɗo, ya tara kaska cikin kwalba mai magani, ya rubuta rana da wuri da irin dabba. Mu kawo wa malamanmu su tantance. Ko ba mu sami kome ba sai taswirar ire-irenta, mun fi mai shafi huɗu.

Na biyu, malamanmu su mai da tambayoyinsu gida. A koya mana Laim a matsayin misali, a jarraba mu da kirci.

Na uku, hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomin nan biyu su umarci kowane ma'aikaci, in zazzaɓi ya ƙi jin magani ko ya tafi ya dawo, ya tambaya ko mutum yana kiwo ko fawa, ya duba fata, ya rubuta a littafi. A gyara madubin likita a manyan asibitocin yankin, a koya wa masu gwaji ganin abin da ba maleriya ba.

Na huɗu, a mayar da malaman dabbobi bakin aiki a kara da mashaya, da sahihin magani da ma'auni, a hana sayar da kwalbar da ba a san abin da ke ciki ba.

Na biyar, tun da dokar 2024 ta bar Rano da Kibiya da Bunkure a masarauta ɗaya, muna roƙon Mai Martaba Sarkin Rano, Allah ya ja zamaninsa, ya sa hakimai da dagatai da limamai su isar da saƙo kafin damina da kafin layya. Saƙon gajere ne. In kaska ta kama ka, kama ta da matsefata daf da fata ka ja a hankali, kada ka ƙona ta tana jikinka, kada ka fasa ta da farce. Jefa ta cikin kananzir ko wuta, ka wanke wurin da hannunka da sabulu. A duba yara in sun dawo daga kiwo, hammata da matsematsi da bayan kunne. A toshe ramin ɓera a ɗakin kwana. Mai fiɗa ya rufe ciwon hannunsa. In zazzaɓi ya biyo baya, a gaya wa likita an yi cizon kaska, ko bai tambaya ba.

'Yan'uwa, Hausawa na cewa kaska ta mutu da haushin kifi, domin shi kaɗai ta rasa inda za ta kama. Mu da ke cikin ɗakunan karatu masu siminti mun zama kifi, ba ta iso mu ba, shi ya sa muke dariya. Iyayenmu da ƙannenmu ba su cikin ruwa. Ranar taron ƙungiya mai zuwa zan miƙe in kawo wannan shawara a gaban majalisa, zan kuma zo da kwalabe. Mai son garinsu ya zo ya karɓi tasa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.